Cutar Pompe: Yadda Take Kama Zuciyar Jarirai da Maganin da Ake Yi Mata

Gabatarwa

A ƙoƙarinmu na wayar da kan jama'a game da lafiyar mata da ƙananan yara, mun kawo bayani kan cutar Pompe, wata cuta ta gado da ba kasafai ake samunta ba. An daɗe ana ƙiyasta cewa tana kama mutum 1 cikin 40,000. Mun ga dacewar yin bayaninta ne domin tana hallaka jariri ta hanyar zuciya cikin watanni kaɗan, alhali kuwa yanzu akwai maganin da ke ceton zuciyar idan an fara shi da wuri.

Asalin cutar

An sa wa cutar sunan wani likita ɗan ƙasar Holan, Johannes Pompe, wanda a 1932 ya ba da rahoton binciken da ya yi wa gawar wata jaririya 'yar wata 7, ya tarar zuciyarta ta yi girma ƙwarai. A 1963 wani masani ɗan ƙasar Beljiyam, Henri-Géry Hers, ya gano musabbabin cutar.

Jikin ɗan Adam yana adana sukari a cikin tsoka, a wani siffa da ake kira gilaikojin. Akwai kuma wani sinadari, wato enzayim mai suna GAA, wanda aikinsa shi ne narkar da wani ɓangare na wannan ajiya. Mai cutar Pompe ba shi da wannan sinadari, ko kuma yana da ɗan kaɗan. Saboda haka gilaikojin yakan taru a cikin tsoka har ya lalata ta. Ita ma zuciya tsoka ce, shi ya sa cutar take kama ta.

Yadda ake gadon ta

Ana gadon cutar ne kamar yadda ake gadon sikila. Uba da uwa suna iya zama lafiya lau, amma kowannensu yana ɗauke da ƙwayar gadon cutar. A irin wannan aure, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 na zuwa da ɗa mai cutar. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da ita. Cutar ba ta yaɗuwa daga wani zuwa wani, ba ta da alaƙa da maita ko iskoki, kuma ba laifin uwa ba ne.

Illarta ga zuciya

Cutar iri biyu ce. Iri na farko yana bayyana a watannin farko na haihuwa. Bangon zuciyar jariri yakan yi kauri, zuciyar ta kumbura, ta kasa tura jini yadda ya kamata. Wani lokaci takan danne hanyar iska ta huhun hagu, bugunta kuma yana iya rikicewa. Idan ba a yi magani ba, yawancin waɗannan jarirai ba sa kaiwa shekara 1.

Alamomin da ya kamata iyaye su lura da su:

1. Jiki ya saki, jariri ya kasa riƙe wuyansa.
2. Gajiya ko gumi a lokacin shan nono, da rashin ƙiba.
3. Numfashi da sauri, da yawan ciwon huhu.
4. Girman harshe da barin baki a buɗe.

Iri na biyu yana bayyana daga baya, a yarinta ko bayan an girma. Shi yakan raunana ƙafafu, da baya, da tsokar numfashi, ba kasafai yake kumbura zuciya ba.

Yadda ake gano ta

Likita yakan fara da hoton ƙirji, da gwajin bugun zuciya, da hoton zuciya na na'ura. Tabbacin cutar kuwa sai an auna sinadarin GAA, kuma ana iya yin hakan da ɗigon jini da aka busar a kan takarda ta musamman, sannan a tabbatar da gwajin ƙwayar gado. Taiwan ta fara yi wa jarirai wannan gwaji tun daga haihuwa a 2005, Amurka kuma ta sanya cutar cikin jerin gwaje-gwajen da ake ba da shawarar yi wa jarirai a 2015.

Maganin maye gurbin sinadari

A 2006 hukumomin magunguna na Amurka da Tarayyar Turai suka amince da maganin Myozyme. Shi dai sinadarin GAA ne da aka haɗa a masana'anta, ana ba da shi ta jijiya kamar ƙarin ruwa. Ƙa'idarsa ita ce miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin jiki, sau ɗaya a mako 2, har tsawon rayuwa. A gwajin da aka yi wa jarirai 18 da aka fara ba su maganin suna 'yan watanni, dukkansu sun kai wata 18 da rai, kaurin zuciyarsu kuma ya ragu. An sami ƙarin magunguna daga baya: Nexviazyme a 2021, sai Pombiliti tare da Opfolda a 2023 domin manya.

Sai dai wajibi ne mu faɗi iyakar maganin. Yana rage cutar ne, ba ya kawar da ita. Zuciya ta fi sauran tsokoki karɓarsa, don haka yaro yana iya rayuwa amma ya ci gaba da fama da raunin jiki, da matsalar ji ko magana. Tsokar da ta riga ta lalace ba ta dawowa. Jariran da jikinsu ba ya yin sinadarin ko kaɗan, garkuwar jikinsu takan yaƙi maganin, shi ya sa ake haɗa musu da magungunan rage ƙarfin garkuwa. Bugu da ƙari, maganin yana da tsada ƙwarai, ya fi ƙarfin yawancin iyalai.

Gargaɗi

Allurar sa barci domin tiyata tana da haɗari babba ga jaririn da zuciyarsa ta kumbura, don haka a sanar da likita halin da yaron yake ciki kafin kowane aiki. Kada a sayo masa maganin zuciya a kemis, domin wasu magungunan suna ƙara tsananta irin wannan ciwo. Kada kuma a yi masa ɗure, saboda ruwan yana iya wucewa cikin huhu. A cika masa allurar rigakafi.

Kira ga jama'a

Muna kira ga ungozomomi da ma'aikatan ƙananan asibitoci da su gaggauta tura duk jaririn da jikinsa ya saki kuma yake numfashi da ƙyar zuwa babban asibiti ko asibitin koyarwa, tare da neman a duba zuciyarsa. Haka kuma muna roƙon hakimai, da dagatai, da masu unguwanni, da limamai, su ja hankalin magidantan da suka rasa jarirai fiye da ɗaya da irin waɗannan alamomi, su je su ga likitan yara tare da matansu kafin wani cikin. Ko da magani bai samu ba, sanin sunan cutar yana kare uwa daga zargi, yana kuma taimaka wa iyali su yanke shawara bisa sani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.