Bindigar da ta bar fagen fama ta koma hawan Sallah

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari (1731–1743) aka kawo bindigogi daga ƙasar Nufe, kuma Babba Zaki (1768–1776) ne sarkin da ya fara kafa 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. Bindigogin nan na ɗuri ne: a zuba albarushi ta baki, a danna, a harba sau ɗaya, a sake ɗurawa.

Yarjejeniyar Burasel ta 1890 ta taƙaita sayar wa Afirka bindigogin zamani. Saboda haka da Kanar Morland ya iso ganuwar Kano a ranar 3 ga Fabrairu, 1903, da igwa da bindiga mai aman harsashi, harba-ka-ruga ba ta da ta cewa.

Sai dai ba ta mutu ba. Ta koma hannun maharba da masu gadin gona a ƙauyuka irin na Tofa, ta kuma zama muryar hawan Sallah. Dokar makamai ta 1959 ta haramta wa farar hula riƙe bindigar soja, don haka maƙera ne suka zama masu adana ta gargajiya.

A nan matsalar take. Maƙeri yana gyara ne domin bindiga ta tashi. Duk kunamar da ya sauya, duk tambarin da ya kankare tare da tsatsa, shaidar asalinta ce ta tafi. Abin da bai isa Gidan Makama ba, gyara ne ke cinye tarihinsa.