Daga Zauren Waziri zuwa Asusun TETFund: Waiwaye kan Ɗaukar Nauyin Masu Digiri na Uku a Fannonin Tarihi, Harshe da Adabi

Mai son sanin yadda ake ɗaukar nauyin ɗaliban digiri na uku a jami'o'in Nijeriya, ya buɗe kundayensu ya karanta shafin godiya. A nan ne ɗalibi kan faɗi wanda ya biya masa kuɗin makaranta, da wanda ya ba shi masauki, da wanda ya ara masa littafi. Kundayen shekarun 1970 za ka ga suna gode wa jami'a da gwamnatin jiha. Na shekarun 1990 sun fi gode wa uwargida da ta jure, da yayan da ya sayar da buhunan hatsinsa. Na bayan 2010 kuwa sunan asusun TETFund ne ke yawan fitowa, amma a kundin wanda ya riga ya sami aikin koyarwa kaɗai. Wannan sauyi ya fi taɓa masu nazarin tarihi da harshe da adabi da addini, domin su abin da aikinsu ke ci shi ne lokaci, da kuɗin tafiya, da mutumin da zai buɗe musu ƙofa.

Lokacin da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, duk ɗan Nijeriyar da ke son digiri na uku sai ya haye teku. Kenneth Dike ya kammala nasa a Landan a 1950, a kan kasuwanci da siyasar yankin Neja Delta, ya dawo gida da fahimtar cewa ba za a iya rubuta tarihin ƙasa ba idan takardunta na ruɓewa a ofisoshin lardi. Shi ya matsa har aka kafa ma'adanar takardun gwamnati a 1954, wadda daga baya ta yi rassa a Inugu da Kaduna. Ke nan tallafin farko da ɗalibin tarihi ya samu a ƙasar nan wurin aiki ne: ɗaki mai tebur da kujera, da fayil-fayil na rahoton razdan da di'o a jere, da ma'aikacin da ya san inda kowanne yake.

A Arewa kuwa akwai wata ma'adanar da ta girmi ta gwamnati nesa ba kusa ba, wato littattafan da ke hannun malamai da gidajen sarauta. H.F.C. Smith, wanda ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya gane haka tun yana koyarwa a Ibadan, kafin ya koma Zariya a 1962 ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello. Ɗalibinsa Murray Last ya tafi Sakkwato ya zauna gaban Waziri Junaidu. Waziri ya buɗe masa taskar gidansa: wasiƙun da suka gudana tsakanin Sakkwato da sarakunan daula, da rubuce-rubucen wazirai na kaka da kakanni. Ya kuma ba shi abin da babu a takarda, wato bayanin wane ne wane, wace kalma ke nufin me a bakin mutanen wancan zamani. Aikin da ya fito daga wannan zama ya sami digiri na uku a Ibadan a 1964, yana cikin na farko-farko da wata jami'ar Nijeriya ta bayar, aka buga shi littafi a 1967. Duk da cewa babu takardar da ta kira Waziri Junaidu mai ɗaukar nauyin bincike, shi ne ya ɗauki mafi nauyin ɓangarensa.

A kan wannan tubali aka gina Shirin Binciken Tarihin Arewa a shekarun 1960, wanda ya riƙa tura mutane gari-gari suna ɗaukar hoton rubutattun littattafan Larabci da na ajami, suna mayar wa masu su kayansu. A 1970 aka kafa Arewa House a Kaduna, a gidan da Sardauna ya zauna. A Kano aka sami Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kwalejin Abdullahi Bayero. Waɗannan wurare sun tara abin da ɗalibi shi kaɗai ba zai iya tarawa ba ko da zai shekara goma yana yawo.

Ta fuskar kuɗi ma zamanin ya yi wa ɗalibai rana. Gwamnatin Jihar Arewa na neman 'yan Arewa da za su riƙe ayyuka, don haka hukumar bayar da sukolashif tana aiki, jihohin da aka ƙirƙiro a 1967 suka ci gaba da haka. Shirin guraben karatu na ƙasashen Kwamanwel ya fara a 1959, gidauniyoyin Amurka irin su Ford da Rockefeller kuma suna zuba kuɗi a jami'o'in Afirka. Abin da ya fi duka amfani shi ne tsarin jami'ar kanta: wanda ya fi kowa ƙoƙari a aji, ana riƙe shi a matsayin ƙaramin malami, a sa shi a albashi, a ba shi hutun karatu, a biya masa kuɗin jirgi da na littattafai, shi kuma ya sa hannu cewa zai dawo ya koyar.

Abin da wannan tsari ya haifar yana nan a kan kantocin laburare. M.K.M. Galadanci ya kammala a Landan a 1969 a kan nahawun Hausa. Mahdi Adamu ya yi nasa a Birmingham a 1974 a kan bazuwar Hausawa a Afirka ta Yamma. Ɗandatti Abdulƙadir ya kare kundinsa a kan Mamman Shata a Jami'ar Indiyana a 1975, Ɗalhatu Muhammad kuma ya yi nasa a kan Aƙilu Aliyu a Landan a 1977. A gida, Yusufu Bala Usman ya kammala a Zariya a 1974 bayan ya karaɗe ƙasar Katsina har zuwa Maraɗi yana jin ta bakin dattawa, Mahmud Modibbo Tukur ya biyo baya a 1979 da aikinsa a kan mamayar Turawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ya ci shekaru na bincike ba tare da mai shi yana tunanin abin da iyalinsa za su ci gobe ba.

Sai dai tun a cikin wannan wadata aka fara karkatar da ma'auni. Manufar ilimi ta ƙasa ta tsara cewa kashi 60 cikin 100 na guraben jami'a na kimiyya ne, kashi 40 na sauran fannoni. Babu mai musun cewa ƙasa na buƙatar likitoci da injiniyoyi, amma tunanin da ya biyo bayan wannan rabo shi ne cewa mai nazarin waƙa ko tarihi ba ya buƙatar komai sai biro da takarda. Da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, sannan gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, wannan tunani ne ya yanke hukuncin wanda za a fara cire wa kaso.

Naira da ta fi dala daraja a 1980 ta koma sai an ba da kusan 22 kafin a sami dala ɗaya a 1993. Laburare suka daina karɓar mujallun bincike daga waje. Malaman ƙasashen waje suka tattara nasu ya nasu, manyan malaman gida da dama suka nufi Amurka da Ingila da ƙasashen Larabawa, wasu suka koma aikin gwamnati. Fita waje karatu ya zama sai mai babbar sa'a. Digiri na uku ya dawo gida kusan baki ɗaya, kuma a nan an sami wani alheri da bai kamata a manta ba: sassan harsunan Nijeriya na Kano da Zariya da Sakkwato suka fara yaye ɗalibansu, har ana rubuta kundi cikin Hausa, kamar na Sa'idu Muhammad Gusau a kan makaɗan fada a Jami'ar Bayero a 1988. Amma an yi wannan aiki ne da ƙarfin hali, ba da ƙarfin aljihu ba.

Sai mutum ya dubi ranakun ɗalibin wancan lokaci kafin ya san abin da ake nufi. Malamin sakandare ne, ko ƙaramin malamin jami'a da aka ɗora wa azuzuwa masu cike da ɗalibai. Ranar Juma'a bayan masallaci yake hawa mota zuwa ƙauyen da wani tsohon makaɗi yake, da rikoda da kaset da baturan da ya saya daga albashinsa, da goro da ɗan abin gaisuwa, domin ba a zuwa gaban dattijo hannu rabbana. Wataƙila ya tarar tsohon ya tafi biki wani gari. In ya dace an yi hira ta awa guda, juyar da ita zuwa rubutu sai ta cinye masa yini. Daga nan sai mai buga tafireta, shafi-shafi ake biya, gyara ɗaya daga malami mai duba aiki na iya sa a sake buga babi sukutum. Aikin da ya kamata ya ɗauki shekara uku ko huɗu sai ya kai bakwai, takwas, har goma. Dattawa da yawa sun rasu da abin da ke cikin kansu kafin ɗalibi ya tara kuɗin komawa.

Mafita ta fito ne daga gwagwarmayar malaman kansu. Ƙungiyar ASUU, ƙarƙashin shugabancin Attahiru Jega, ta yi dogon yajin aiki a 1992, ta kawo shawarar a ɗora wa ribar kamfanoni haraji domin ilimi. Dokar soja mai lamba 7 ta 1993 ta kafa asusun da ke karɓar kashi 2 cikin 100. A 2008 asusun ya fara ɗaukar nauyin malamai su yi digiri na biyu da na uku a gida da waje, a 2011 aka mayar da shi TETFund, ya taƙaita ga manyan makarantun gwamnati. Harajin ya ƙaru zuwa kashi 3 a 2023. Dubban malamai sun amfana, kuma a daidai lokacin da Hukumar Kula da Jami'o'i ke matsa lamba cewa malamin jami'a sai da digiri na uku, wannan asusu ne ya sa abin ya yiwu ga da yawa.

Daga waje ma an sami masu miƙo hannu. Cibiyar CODESRIA da ke Dakar ta daɗe tana ba da ƙananan tallafi na rubuta kundi. Gidauniyar MacArthur ta tallafi jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero da Ibadan da Fatakwal a shekarun 2000, abin da ya taimaka wajen shigo da kwamfuta da intanet. A 2008 gidauniyar Carnegie ta ɗauki nauyin wani shiri na musamman ga masu nazarin tarihi da harshe da adabi a Nijeriya da Gana da Tanzaniya da Yuganda da Afirka ta Kudu. Masu shirin sun gane ciwon: abin da suka riƙa saya wa mutum shi ne shekara guda ba tare da koyarwa ba, da masauki a wata cibiya inda zai zauna ya yi rubutu, da manyan malamai da za su karanta masa aiki. Sai dai guraben kaɗan ne, kuma shiri ne mai wa'adi.

Ga inda aka kwana yanzu. Tallafin da ke akwai yana bin aiki ne, ba ya bin ɗalibi. Wanda ba ma'aikacin babbar makarantar gwamnati ba ne, ko malamin sakandare, ko matar da ke haɗa karatu da raino, ko matashin da ya fita da sakamako mai kyau bai sami aiki ba, duk daga aljihunsu suke biyan rajista, da kuɗin buga kofe-kofen da za a raba a taron gabatar da babi, da na ɗaure kundi. Yajin aikin wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022 sun ƙara musu shekaru. Da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan 460 ta haura 1,500 cikin shekara guda, ɗaliban da ke waje suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, TETFund kuma ta dakatar da tura sababbi waje daga Janairun 2025. Rashin tsaro ya rufe hanyoyin ƙauyuka da dama a Zamfara da Katsina da Barno, wuraren da mai bincike ke buƙatar zuwa. Manyan shirye-shirye irin cibiyoyin ƙwarewa na Bankin Duniya sun fi karkata ga noma da lafiya da kimiyya.

Akwai kuma matsalar abin da ke faruwa bayan an kare kundi. Aikin Mahmud Tukur, duk da sunan da ya yi, sai a 2016 aka buga shi littafi a Dakar, shekara 37 bayan kammala shi, shekara 28 bayan rasuwar marubucinsa. In haka ta sami wannan, me ake tsammani ga ɗaruruwan kundayen da ke jibge a sassan Hausa da Larabci da tarihi, waɗanda gara da ɗigar ruwa ke ci?

Abin da wannan tarihi ya nuna a fili yake. Duk lokacin da aka haɗa wa ɗalibi abu uku, wato lokaci da guzuri da ma'adana, an sami aiki mai daɗewa. Kuma kuɗin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na sauran fannoni. Tunda an rage tura mutane waje, ya kamata TETFund ta ware kaso bayyananne domin binciken fage da shekarar rubutu, ta kuma buɗe ƙofa ga haziƙan da ba su da aiki. Jami'o'i su rage wa ƙananan malamai nauyin aji a shekarar ƙarshe, su ɗora tsofaffin kundaye a intanet, su buga waɗanda suka cancanta. Hukumomin sukolashif na jihohi su tuna cewa karatu bai ƙare a digiri na farko ba. Masarautu da gidajen malamai su bi sawun Waziri Junaidu wajen buɗe taskokinsu, attajiranmu kuma su sani cewa waƙafin da zai ɗauki nauyin ɗalibi biyar a shekara a Arewa House ko a sashen harsunan Nijeriya sadaka ce mai gudana. Dattawan da ke riƙe da tarihinmu da waƙoƙinmu ba za su jira kasafin kuɗin baɗi ba, don haka a fara bana.