Abubakar Imam da Gardamar Magana Jari Ce

Wani mai karatu daga Sae Sabuwa ta jihar Maraɗi ya aiko da tambaya: wai gaskiya ne labaran Magana Jari Ce ba na Abubakar Imam ba ne?

Malam, gardamar tsohuwa ce. An haifi Imam a Kagara a 1911, kuma yana koyarwa a Midil ta Katsina aka sa gasar rubutu ta 1933 wadda ta haifar da littafinsa Ruwan Bagaja. Rupert East, Baturen Hukumar Talifi ta Zariya, ya yaba da alƙalaminsa, ya nemi aronsa. A 1936 Imam ya sauka Zariya, East ya jibge masa littattafan Larabawa da na Indiya da na Turai. Cikin wata shida Imam ya gama littattafan Magana Jari Ce guda uku.

Nan masu suka suke kafa hujja. Akun cikin littafin da ke shagaltar da Musa da labarai don kada ya fita yana da kaka a hikayoyin Indiya. Labarin Kalala da Kalalatu daga tatsuniyoyin Grimm na Jamus ya zo, haka ma Sarkin Busa Bajamushe ne. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya bi diddigin tushen labaran. Da aka zargi marubutan soyayya na Kano da kwaikwayon finafinan Indiya, masu kare su irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu suka ce ai Imam ma ya ara.

Aro kam ya yi. Amma Washington Irving, wanda Amurka ke ƙirgawa cikin magabatan gajeren labarinta, daga tatsuniyar Jamus ya ɗauko Rip Van Winkle a 1819, ba a kuwa ƙwace masa shi ba. Imam ya sauya sunaye da garuruwa, ya kawo fada da waziri da dogarai, ya zuba karin magana da barkwanci, har Bahaushe ya karanta bai ji baƙunta ba. Wannan aikin ba East ne ya yi masa ba.

Daga baya Imam ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ya je Ingila a 1943, ya rasu a Zariya a 1981. Allah ya jiƙansa. Zaren na aro ne, Malam, amma saƙar tasa ce.