Sana'ar Kula da Batir a Tahoua da Arewacin Adar

Batirin dalma, wato akwatin da ke ajiye wutar lantarki a faya-fayan dalma da aka tsoma cikin ruwan asid, wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a 1859, amma kula da shi bai zama sana'a mai ƙarfi a Tahoua ba sai da motoci suka yawaita, musamman bayan shimfiɗa hanyar yuraniyom wadda ta bi ta garin zuwa Agadez da Arlit a ƙarshen shekarun 1970.

Tun da yake wutar kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, ta daɗe ba ta isa ƙauyuka ba, sai batirin mota ya sami aikin da ba don shi aka ƙera shi ba, domin da shi ake kunna rediyo da talabijin da 'yan cin rani ke kawowa daga Abijan. Idan wutarsa ta ƙare, akan ɗora shi bisa amalanke a kai gari wurin mai caji. A nan ne masu sana'ar suka gane dalilin saurin mutuwarsa: faya-fayansa sirara ne, an yi su don tayar da inji cikin ɗan lokaci, kuma idan aka tatse shi ƙarƙaf aka bar shi kwanaki ba caji, wani farin gishiri yakan daskare a jikinsu har su daina karɓar wuta.

Zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, shi ne abokin gaba na biyu, saboda yana ƙafar da ruwan batir. Don haka gwanin mai caji yakan buɗe murafen batirin guda shida ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa, ya ƙara tataccen ruwa har ya rufe faya-fayan, ba ya kuwa yarda da ruwan rijiya saboda gishirin da ke cikinsa. Sannan ya kankare farin garin da ya taru a kawunan batir, ya shafa musu giris.

Yau farantin hasken rana ya rage jigilar batir zuwa gari, amma ilimin bai tsufa ba, domin har yanzu gidan da ke ajiye batirinsa a inuwa, yana kashe kayan wuta kafin cajin ya ƙare, shi ne ke jimawa bai sake kai kuɗinsa kasuwa ba.