Labarin Shakkar Imamu Gazali a Hanyar Suluki

Bismillahir Rahmanir Rahimi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu. Bayan haka, ka sani ya kai ɗalibi, shakka ta sami manya tun gabaninka.

An haifi Imamu Gazali a Ɗusa, shekara 450 ta Hijira. Tun da ƙuruciya ya tuhumci idonsa, don ido yana ganin inuwa tsaye alhali tafiya take, yana ganin tauraro kamar dinari alhali ya fi duniya girma. Sa'an nan ya tuhumci hankali. Kusan wata biyu yana cikin wannan ciwo, har Allah ya warkar da shi da haske a zuciya, ba da hujja ba.

Ta biyu ta fi ɗaci. A shekara 488 yana karantarwa a Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai 300 a gabansa. Ya binciki niyyarsa, ya iske neman girma ne da suna. Wata shida yana yin azama da safe, ta warware da maraice, har harshensa ya ɗaure, abinci ya ƙi shiga. Masu magani suka ce ciwon a zuciya yake. Sai ya nuna Makka za shi, ya nufi Sham, yana hawa hasumiyar masallacin Dimashƙa, ya rufe ƙofa.

A Munƙizu ya jera matakan: tsarkake zuciya daga wanin Allah, nutsewa cikin zikiri, sa'an nan fana'i. Lura, fana'in da ake zato ƙarshe ne, shi ya kira shi farkon hanya.

Ya koma karantarwa a Naisabura shekara 499, ya rasu a Ɗusa 505. Allah ya jiƙansa. Tammat.