Katsina United ta 1995 zuwa 1997: ina 'yan wasan suke?

1/ Jama'a, shiga kowane gidan kallon ƙwallo a Kankiya ko Kusada ranar Asabar, za ka samu yaron da zai jero maka 'yan wasan Arsenal har da na benci. To ka ce ya kawo mutum uku da suka kai Katsina United wasan ƙarshe na Challenge Cup. Tsit za ka ji. Ku biyo ni.

2/ An ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. A 1990 Najeriya ta fara gasar lig ta ƙwararru. Kafin jihar ta cika shekara goma sha ɗaya, ƙungiyarta ta buga wasan ƙarshe na Challenge Cup sau uku a jere: 1995, 1996, 1997.

3/ Duka ukun ba mu ɗauko kofin ba. Shooting Stars ta Ibadan ta doke mu a 1995, Julius Berger ta Legas a 1996, sai BCC Lions ta Gboko a 1997.

4/ Kafin ka ce ai rashin nasara ne, duba da wa aka kara. Shooting Stars ce ta ci lig a 1995, kuma a 1996 ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka, sai a bugun fenareti Zamalek ta Masar ta kayar da ita. BCC Lions kuwa ta ɗauki kofin Afirka na masu riƙe da kofi tun 1990.

5/ Lokacin babu Facebook, babu waya mai kyamara. Labarin wasa a rediyo ake ji, hoto sai a jarida. Shi ya sa tarihin nan yake a kan mutane da cikin tsofaffin akwatuna, kuma masu shi suna ta tsufa.

6/ Karramawa ba sai an jira gwamnati ba. Tambayi babanka ko kawunka wa ya gani a fili. In akwai tsohon ɗan wasa a unguwarku, je ka gaishe shi, ka nemi izininsa ka naɗi hirarsa.

7/ Masu shirya gasar unguwanni a Kankiya da Kusada, ku gayyace su su miƙa kofi da hannunsu. Mai tsohon hoto ko suna, ya ajiye mana a ƙasa. Waɗanda suka rasu, Allah Ya jiƙansu.