Gidajen Dutse Na Bakin Teku, Daga Badagiri Zuwa Elmina

Wanda ya tashi a mota daga Ikko ran Jumma'a da asuba, ya bi hanyar bakin teku ya nufi yamma, in masu tsaron iyaka ba su ɓata masa lokaci ba, kafin faɗuwar ranar Lahadi ya kai Elmina a ƙasar Gana. Tafiyar ta fi mil 300, kuma sai ya ƙetare iyaka uku, watau ta Binin, wadda dā a ke kira Dahome, da ta Togo, da ta Gana. A kan hanyar nan akwai tsofaffin garuruwa da manyan gidajen yaƙi na dutse waɗanda Turawa suka gina tun kafin a ja waɗannan iyakoki. Ba don mulkin ƙasa aka fara gina su ba, don ciniki ne, da fari na zinariya, daga baya na mutane.

Garin farko shi ne Badagiri, tsohuwar kasuwar bayi, inda 'yan mishan suka gina wani bene a 1845 wanda har yanzu yana nan. Daga nan sai iyaka, sai Kwatano, sa'an nan Wida.

Wida ta cancanci a daɗe a cikinta. Dā tana da sarautarta, amma a 1727 Agaja, Sarkin Dahome, ya ci ta da yaƙi don ya sami ƙofa zuwa teku. Ingilishi da Faransawa da mutanen Fotugal kowa na da gidansa a garin. Na Fotugal, wanda aka gina a 1721, shi ne ya fi daɗewa a hannun masu shi. Har Faransawa suka ci Dahome, suka yi mulkinsu suka tafi, ɗan filin nan yana nan da tutar Fotugal a kansa. Sai a 1961 sabuwar gwamnatin Dahome ta ce su fita. Wakilinsu ya cinna wa gidan wuta sa'an nan ya tafi. An gyara shi, ya zama gidan ajiye kayan tarihi.

Daga garin zuwa bakin ruwa kamar mil 2 da rabi ne, kuma ta hanyar nan a ke kora bayi a ɗaure zuwa jirage. Cikinsu akwai Hausawa da dama, musamman a farkon ƙarni na 19, sa'ad da yaƙe-yaƙe suka yawaita a ƙasar Hausa da ta Yarbawa. Yawancinsu Bahiya aka kai su, a ƙasar Birazil. Can a 1807 aka tono wani shirin tawaye da bayi Hausawa suka ƙulla. A 1835 kuma, cikin watan azumi, bayi Musulmi suka tayar a birnin, galibinsu Yarbawa, da Hausawa a ciki. Aka murƙushe su, aka sami takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda suka mutu. Watau mutanen da aka ƙidaya kamar kaya a Wida, waɗansunsu almajirai ne da malamai.

Gaɓar Togo gajera ce, ba ta fi mil 35 ba. A nan Anaho ta ke, wadda ta zama mazaunin Gwamnan Jamus har 1897, kafin a koma Lome. Da an ƙetare zuwa Gana, in an ɗan ratse, sai Keta, inda mutanen Danmak suka gina gidansu a 1784. Teku ta cinye yawancinsa.

A Ankara, cikin unguwar Osu, akwai babban gidan mutanen Danmak da a ke kira Christiansborg, kuma yana da labari mai daɗin ji. A 1693 wani mutumin Akwamu, sunansa Asameni, ya zo da jama'arsa kamar masu sayen bindigogi. Da ya ke al'ada ce mai saye ya gwada bindiga kafin ya biya, aka miƙa musu. Ashe sun ɓoye harsashi a jikinsu. Nan take suka juya bakin bindigogin kan masu gidan, Gwamna ya tsere da rauni. Asameni ya zauna a gidan wajen shekara guda, yana ciniki da jiragen Turawa kamar yadda Gwamna ya ke yi. A 1694 ya sayar wa mutanen Danmak gidansu da zinariya, amma ya riƙe makullan, suna hannun masarautar Akwamu har yau. Ingilishi suka sayi gidan a 1850. Bayan Gana ta sami mulkin kai a 1957 shugabanninta da yawa a nan suka yi ofis, har 2013.

Daga Ankara sai Cape Coast. Mutanen Suwidin ne suka kafa harsashinsa a 1653, Ingilishi suka ƙwace shi a 1664, ya zama mazaunin Gwamnansu har 1877. A sama akwai ɗakunan Gwamna masu tagogi, iskar teku na shiga. A ƙasa akwai kurkukun maza, ramuka masu duhu inda a ke cusa ɗaruruwan mutane makonni suna jiran jirgi. Daidai bisa kurkukun nan aka yi majami'a. Lalle masu sujada a ciki ba su iya cewa ba su sani ba.

Mil 8 a gaba sai Elmina, uwar dukan gidajen nan. A 1482 Sarkin Fotugal ya aiko wani jarumi, Diogo de Azambuja, da mutum wajen 600, sojoji da magina da kafintoci, har da sassaƙaƙƙun duwatsu a cikin jirage. Sarkin wurin, Kwamina Ansa, bai so ba, amma aka matsa masa ya yarda. Abin da ya kawo su zinariya ce, wadda dā Wangarawa ke ɗauka zuwa arewa, ta ƙetare hamada. Abin mamaki, a shekarun farko mutanen Fotugal shigo da bayi su ke yi Elmina, daga wajen Birnin Bini, suna sayar wa fataken zinariya masu bukatar 'yan dako. Sai da gonakin rake suka bunƙasa a ƙasashen Amurka sa'an nan cinikin ya juya.

Mutanen Holanda sun gwada cin gidan daga teku sun kasa. A 1637 suka hau da igwa kan wani tudu da ke fuskantarsa, suka yi ta ruwan wuta har na ciki suka sallama. Don kada wani ya yi musu irin wannan dabara, suka gina wani gidan yaƙi a bisa tudun. Suka riƙe Elmina shekara 235.

Ingila ta hana talakawanta cinikin bayi a 1807, ribar gidajen nan ta yi ta raguwa, har Holanda ta miƙa wa Ingilishi Elmina a 1872. Asantawa suka ƙi, don sun daɗe suna karɓar kuɗin haya a kan gidan, kuma mutanen garin abokansu ne. Yaƙi ya tashi a 1873, Ingilishi suka rushe tsohon garin Elmina da igwa. A yaƙin nan Kyaftin Glover ya jagoranci sojoji Hausawa da ya fara ɗauka a Ikko tun 1863, da yawansu bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu. A 1896 Ingilishi suka kama Sarkin Asante, Prempeh na Ɗaya, suka tsare shi a wani ɗaki na saman gidan, daga nan suka kai shi Saliyo, sa'an nan tsibiran Seshel. Bai sake ganin Kumasi ba sai a 1924.